Mai Hoto da Ƙasar da Ta Raine Shi

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni, da maƙwabtansu na Unguwa Uku, da Daurawa, da Darmanawa, da Hotoro, domin yau a kan ƙasarku za mu tsaya. Iyayenmu mata da ke cikin gida, 'yan kasuwa da ke rumfa, direbobin adaidaita-sahu da ke kan titin Zariya, duk sannunku da ƙoƙari.

Batunmu na yau hoto ne, amma ba hoton biki ba, ba kuma na fasfo ba. Hoton ƙasa nake nufi, wato a ɗaga kyamara a ɗauki gona da fadama, dutse da kogi, itace da sararin sama, saboda su kansu, ba don wani ya tsaya a gabansu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ga shi kuma rediyo ji kawai yake bayarwa. To ni zan kwatanta, ku kuma in kun fita ku duba.

Duk mai waya a kusa, ya buɗe hotunansa. Fuskoki zai tarar: amarya da ango, jariri ranar suna, ɗalibi ranar sauka, sai atamfa da shaddar sayarwa, da rasit ɗin kuɗin da aka tura. In ya ci karo da tsauni ko ƙorama, galibi turo masa aka yi tare da gaisuwar Juma'a, kuma tsaunin na wata ƙasa ne mai ƙanƙara wadda bai taɓa takawa ba. Haka abin yake a situdiyo. Shekara da shekaru masu hoto suna rataya mana labule mai zanen ruwa yana zubowa daga kan dutse, ga ciyawa shar, mu tsaya a gabansa mu gyara hula. Ban ce laifi ba ne. Abin da yake damuna shi ne yadda muka yarda cewa kyan ƙasa yana can wani wuri, tamu kuwa ƙura ce da zafi, babu abin kallo a cikinta. Mutumin da ya yarda da haka, ranar da aka zo sare tsamiyar ƙofar gidansu ko tari ba zai yi ba.

Na san akwai mai cewa, "Malam, ai hoto akwai magana a kansa." Gaskiya ne, malamai sun yi saɓani a kan hoton abu mai rai, kuma wannan fagensu ne. Amma a kan itace da dutse da ruwa, hanya a buɗe take. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa, sai ya nuna masa in dai sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Alƙur'ani mai girma kuwa cike yake da kira ga ɗan'adam ya yi tunani a kan halittar sama da ƙasa, da ruwan sama, da tsirrai. Wanda ya tsaya ya ƙura wa hadari ido yana jiran haske, in ya gyara niyya, tafakkuri yake yi.

Bari mu waiwayi baya kaɗan. A watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano. Ya hau Dutsen Dala ya zana birnin da hannunsa, da gidajen ƙasa da itatuwan dabino, daga baya aka buga zanen a littafin tafiyarsa. Bayan shekara kusan 80, a ƙarshen 1930, wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta Tafkin Chadi, ya ɗauki birnin daga sama. Hotunan suna nan a ajiye a birnin Zurich, an kuma sa su a intanet, kowa yana iya gani. Sai kuma dalar gyaɗa, wadda babu Bakanon da bai san hotonta ba. Dalar ta tafi tun shekarun 1970, amma saboda hoto, yaron da aka haifa jiya ma ya san an yi ta.

To amma ku lura da abu biyu. Na farko, baƙi ne suka tsaya suka kalli ƙasarmu suka adana. Na biyu, kyamara ta bi buhunan da aka jera, ba ta bi gonar da ta ba da gyaɗar ba. Nan inda muke zaune, bayan ganuwa ne. Ku tambayi dattawan unguwa, za su gaya muku inda shaguna suke yanzu gonaki ne na gero da dawa, da ƙauyuka jefi-jefi. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan ya dawo Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin da suka kewaye Kano. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutuwa, saboda jakuna suna shiga birni da itace, suna fitowa da taki da toka. Da shi da abokan aikinsa suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgi a shekaru daban-daban, sai suka tarar itatuwan gonakin nan ba su ragu ba, duk da itacen girkin da birni yake ci. Dalili kuwa, manomin Kano bai ɗauki itacen gonarsa a matsayin na daji ba. Ɗorawa tana da mai ita. Kuka tana da mai ita. Ana gadon su, ana sassabe musu reshe da lissafi, ba a kashe su.

Yau Tarauni ƙaramar hukuma ce wadda tun a ƙidayar 2006 mutanenta suka haura dubu 200. Gona ta zama fuloti, fuloti ya zama bene, ga gadar Dangi, ga babban asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ci gaba ne, kuma mutane dole su sami wurin kwana. Amma a cikin gidaje nawa za a sami hoto guda na yadda wurin yake kafin a aza bulo na farko? Waɗanda suka manyanta sun san yadda ungulaye suke cika mahauta a da. Yau sai a yi watanni ba a ga ko ɗaya ba, kuma suka tafi ba wanda ya ɗaga kyamara, domin babu wanda ya zaci za a wayi gari babu su.

Wannan shi ya kawo mu ga tambayar da duk mai hoton ƙasa sai ya amsa wa kansa: me zan sa a ciki, me zan bari a waje? A Amurka an yi wani gwani, Ansel Adams, wanda ya shahara da hotunan duwatsun Yosemite. Galibin hotunansa babu mutum a ciki, sai dutse da ruwa da gajimare, kuma sun taimaka wajen shawo kan hukuma ta killace dajin Kings Canyon a 1940. Hanyarsa ta dace da nufinsa. Amma matashin Kano da ya kwaikwaye shi ido rufe, ya riƙa jira sai manomi ya fita daga gona kafin ya danna, ya yi wa ƙasarsa ƙarya. Tamu ƙasar hannun mutum ne ya yi mata siffa. Kunyar gona, da shingen lalle, da turbar da ƙafa ta fitar, da rijiya, da rumbu, da garken shanu a kan hanyar burtali, duk jikin ƙasar ne. In ka cire su, abin da ya rage ba ƙasar Hausa ba ce.

Akwai wani mai hoto da nake so matasanmu su san labarinsa, Sebastiao Salgado, mutumin Brazil, wanda ya rasu a watan Mayun 2025. Tattalin arziki ya karanta, daga baya ya riƙi kyamara. A 1984 da 1985 ya zagaya Mali da Chadi da Habasha da Sudan yana ɗaukar hotunan fari da yunwa. Bayan abin da idonsa ya gani a Ruwanda a 1994, sai zuciyarsa ta karaya, jikinsa ya raunana, har ya ji sana'ar ta fita daga ransa. Ya koma gonar mahaifinsa a jihar Minas Gerais, inda ya tashi cikin kurmi, ya tarar an sare kurmin, ƙasa ta zaizaye, ƙoramu sun ƙafe. Matarsa Lelia ce ta ce su dasa. A 1998 suka kafa cibiya mai suna Instituto Terra, suka dasa itatuwa fiye da miliyan 2, har idanun ruwa suka dawo, tsuntsaye suka dawo. Bayan sun fara dashen ne ya saɓa kyamara ya shiga duniya na tsawon shekara takwas, yana ɗaukar dazuzzuka da hamada da ƙanƙara da mutanen da ke rayuwa a cikinsu, aikin da ya fito a 2013 da sunan Genesis. Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda abubuwan suka jeru. Sai da ya sa hannu a ƙasa, sannan idonsa ya buɗe. A ganina, shi ya sa hotunansa suke da nauyi.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A 2023, Sani Maikatanga, ɗan jarida mai ɗaukar hoto a nan Kano, shi ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa, wadda a shekarar aka ɗora ta a kan yanayi. Hoton da ya ci kuwa na ambaliyar ruwa ne a Auyo, jihar Jigawa. Hoton baƙin ciki ne, amma gaskiya ce, kuma tamu ce. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, don haka ruwan da muke tsallakewa a kan gada in mun fita ta hanyar Zariya, shi ne yake isa ƙofar gidajen mutanen can.

Hoto kuma ba asara kaɗai yake shaida ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, sun sauya yadda suke sharar gona. Maimakon su sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai su zaɓi mai ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran. Shi ne suke kira sassabin zamani, kuma wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taka rawa wajen yaɗa shi a ƙasar Maraɗi tun farkon shekarun 1980. An daɗe duniya ba ta san abin da ke faruwa ba, ana ta cewa hamada ta cinye Nijar. Sai da wani masani daga Amurka, Gray Tappan, ya ajiye hotunan sama na 1975 kusa da na bayan shekara ta 2000, sannan aka ga ƙauyukan da a da suke fayau sun cika da itatuwa. Aka ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5. Manoma ne suka yi aikin, amma ba don wani ya ɗauki hoton farko ya ajiye ba, da babu abin da za a gwada na biyun da shi.

To yanzu, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai riƙe da waya, ta ina za a fara?

A fara da sanin haske. Rana tsaka ba lokacin hoton ƙasa ba ne, domin haske yana saukowa daga bisa, inuwa ta maƙale a gindin abu, komai ya baje. Lokacin shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. A lokacin haske yana zuwa ta gefe, sai ka ga kowace kunya ta gona ta fito da inuwarta, ɓawon kuka ya nuna tsagarsa, bangon ƙasa ya nuna sawun yatsun magini. Mintoci kaɗan ne, shi ya sa masu wannan aiki suke zuwa da wuri su zauna su jira. Wanda ba shi da haƙurin jira, gara ya nemi wata sana'ar.

Sai sanin lokutan shekara, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Da yawa in hunturu ya shigo sai su ajiye kyamara, wai hazo ya ɓata gari. Ni kuwa ina ganin babu lokacin da ƙasar nan take da kamanninta na kanta irin wannan. Hazo yana shafe abin da ke nesa, ya dusashe na tsakiya, ya bar na kusa da duhunsa, sai itatuwa su jeru hawa-hawa, rana kuma ta rataya fara fat kamar faifai. Mai hoto a Turai ba shi da wannan. A lokacin ne kuma gawo yake nuna halinsa. Yawancin itatuwa suna zubar da ganye, shi kuwa sai ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa. Da damina ta sauka, kowa ya yi ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, ya bar wa geron da ke gindinsa rana, kuma geron nan ya fi na ko'ina a gonar kyau. Baƙon da bai san gawo ba, in ya gan shi a watan Agusta zai ɗauka ya mutu, ya ɗauki hotonsa ya ce ga alamar hamada. Ɗan ƙasa ba zai yi wannan ba. Saboda haka kafin ka ɗauki itace, ka san sunansa. In ba ka sani ba, ka tambayi tsohon da ke zaune a ƙarƙashinsa, zai gaya maka har da wanda ya dasa shi.

Bazara kuma tana da nata. In ka ga shamuwa ta iso, ka shirya. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, in kuma da yamma ne, rana tana yamma tana haska gine-gine da itatuwa alhali bayansu ya yi baƙi ƙirin. Wannan ɗan taƙin kafin iska ta taso, babu irinsa. Amma da zarar an fara walƙiya, a sauko daga bene, a bar gindin itace. Babu hoton da ya kai rai.

Wajen ɗauka, abubuwan ba su da yawa. Ka goge idon kyamara, musamman da hunturu. Kada ka jawo abu da yatsa, hoton fashewa yake yi, ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, kada ya karkace, kuma ka yanke shawara: in sama ce abin kallo ka ba ta kaso mafi yawa, in ƙasa ce ka ba ta. Ka sa wani abu a gaba, ko kututture ko turba ko tulu, domin idon mai kallo ya sami inda zai taka ya shiga.

Wurin zuwa kuwa, ba sai an yi guzuri ba. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda Bafaranshe Nicephore Niepce ya ɗauka wajen 1827, ta tagar gidansa ya ɗauke shi, kuma rufin ɗakuna ne a ciki. Ga itatuwan gidan zoo da aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, nan kusa da ku, suna cikin manyan inuwoyin da suka rage a tsakiyar gari. Ga darbejiyar bakin layi da balbelu suke kwana a kai. In an sami hali, ga kogin Tamburawa da masu ɗibar yashi, ga shinkafar Kura da ake shayarwa da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ga Dala da Goron Dutse.

Akwai kuma gaskiya, wadda ita ce ta fi wuya. Waya ta ba mu damar ƙara wa hoto kala har ciyawar Kano ta koma irin wadda ba ta taɓa tsirowa a nan ba. Ku guji wannan. In leda ta cika magudanar ruwa a gaban kyakkyawan itace, wani lokaci daidai ne ka matsa gefe ka ɗauki itacen, amma wani lokaci wajibi ne ka ɗauke su tare, domin haka unguwar take, kuma ledar nan ita ce za ta mayar da ruwan Agusta cikin ɗakunan mutane. Ban kuma yarda da masu yawon neman juji da kwata kawai ba, don a yaba musu a waje. Shi ma rabin gaskiya ne.

Ladabi yana gaba da gwaninta. Gona tana da mai ita, a yi sallama, a nemi izini, kada a tattake shuka. Wanda ya hau bene ya tuna cewa tsakar gidajen mutane a buɗe suke a ƙarƙashinsa, kuma iyalan mutane ne a ciki. Ya ɗaga kyamararsa sama da katanga, ko ya sauko. A nisanci barikoki da wuraren jami'an tsaro. Mai son tashin jirgi marar matuƙi kuma ya sani sai da izinin hukuma.

Ga aikin da nake roƙon kowane gida ya ɗauka. A zaɓi wuri guda a unguwa, ko itace, ko fili da yara suke ƙwallo, ko kududdufi in akwai saura. A tsaya a daidai wuri ɗaya, a fuskanci gefe ɗaya, a ɗauka da hunturu, da bazara, da damina, da kaka, baɗi kuma a sake. A rubuta kwanan wata da sunan wurin. Kada a bar su a waya kaɗai, domin waya tana faɗuwa, tana ɓata, memori yana lalacewa. A kai a wanko ko da guda huɗu a shekara, a rubuta a bayansu da biro. Malaman makarantun firamare da na Islamiyya, wannan aiki ne da aji guda zai iya riƙewa, masu fita su miƙa wa masu shigowa.

Iyayenmu mata kuma, ku ne masu ajiyar tsofaffin albam a ƙasan akwati. Ku fito da su, ku kira jikoki. A wannan karon kada a tsaya ga fuskar kawu da babbar rigarsa ta Sallah, a dubi abin da ke bayansa. Sau da yawa a nan za a ga karan dawa a tsaye, ko rimi, ko fili fetal a inda yau kasuwa take. Jikokin su ɗauki hoton hoton da waya, ku kuma ku faɗa musu wurin da shekarar, su rubuta, tun da sauran masu iya tunawa.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da fari. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.